Awa Guda

A Treherbert layinmu gida goma sha huɗu ne,
kafaɗa da kafaɗa, kamar mahaƙan kwal a tsohon hoto.
A ƙasa kowa da ƙofarsa, kowa da launin fentinsa.
A sama, in ka ɗaga murfin silin ka leƙa,
ɗaki ɗaya ne, dogo, baƙi ƙirin,
tun daga lamba ɗaya har bakin coci.
Waɗanda suka gina wa kakanninmu
sun ƙirga bulo, suka ga na sama asara ne.

Ina ɗan shekara tara na haddace hanyar nan da gwiwa.
Taka katako, kada ka taka tsakani.
Islwyn ya taka tsakani sau ɗaya,
ƙafarsa ta leƙo saman gadon tsohuwa Ceinwen
da safa mai huji.
Shekarar dogon yajin aiki ta nan buhun dankali ya riƙa bi
gida gida, ba a ga mai bayarwa ba,
ba a ji kunyar karɓa ba.

Ta nan kuma wuta ta bi, Fabrairun bara.
Waya ta yi tartsatsi a lamba uku.
Mutanen lamba uku sun fita lafiya, har da kyanwa.
Hayaƙi bai iya karanta lambar ƙofa ba.
Ya yi rarrafe irin namu,
ya wuce huɗu, ya wuce biyar,
ya sauka wa Islwyn a shida yana barci.
Yanzu yana gidan 'yarsa a Pontypridd,
yana aron numfashi daga tukunyar ƙarfe.

Gemun maƙwabci ya kama. Saura mu masu shafa ruwa.

Ran Talata Iolo magini ya hau tsani, tocila a goshi.
Ya kafa ƙarafa kan bangon da ya raba ni da Tegwen
har suka taɓo duwatsun rufi.
Ya yanka allo mai ruwan hoda daidai karkatar katako,
biyu ta nan, biyu ta can, gaɓa ba ta hau gaɓa ba.
Tsakani ya cusa audugar dutse
mai sa ƙaiƙayi har cikin riga.
Inda waya ta ratsa ya matse jan danƙo,
wai in ya ji zafi kumbura yake.
Na ce, har wannan ɗan hujin? Ko yatsa ba ya shiga.
Ya ce, Meurig, hayaƙi ba shi da kafaɗa.

Na ce, to bangon zai hana wuta?
Ya ce a'a, zai tsayar da ita awa guda.
Ka farka, ka lalubi tabarau,
ka buga wa Tegwen ƙofa,
motar kwana-kwana ta hawo kwarin.
Fam dubu da ɗari biyu muka raba, ni da ita,
muka sayi awa guda.

Saura allon ƙarshe, saura taga kamar faranti,
sai ga Tegwen ta nata tsanin, da ciwon ƙugunta,
yanar gizo a furfura.
Ta miƙo gwangwanin biskit da ta tsinta a ɓangarenta:
ƙwallayen gilashi bakwai, roba ta harbin tsuntsu,
da fitilar hular babana.
Shekara sittin yana gidanta ban sani ba,
ko kuwa gidana ne ya kai har can.
Ta ce, shi ke nan, ɓarawon tuffa, an toshe maka hanya.
Iolo ya ɗora allo.
Injin ya yi ƙara sau goma sha biyu.

Daren nan tarinta bai sauko mini ta silin ba,
rediyonta ma bai zo ba.
Na kwanta cikin shirun da na biya da kuɗina,
ya yi mini yawa.

Da safe na ɗaura takalmi na fita cikin yayyafi.
Taku shida.
Na ƙwanƙwasa lamba takwas kamar baƙo.
Ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, goge ƙafarka, buta na kan wuta.